Me ya sa kwamfutarka ta gida take yin shiru idan ka kira ta daga waje?

Kana zaune a ɗaki ɗaya da kwamfutar, ka buɗe laftof ɗinka ka rubuta ssh musa@192.168.1.20, kafin ka ƙifta ido ta amsa, ta nemi kalmar sirri, ka shiga. Washegari ka yi tafiya, sai ka tuna akwai wani fayil da ka bari a cikinta. Ka sake rubuta umarnin nan harafi da harafi. Shiru. Allon ya tsaya cak, ka jira har ka gaji, daga ƙarshe ya ce lokacin jira ya ƙare. Alhali kwamfutar tana kunne, ba wanda ya taɓa ta, intanet ɗin gidan ma lafiyarsa ƙalau.

A nan ne mutane da yawa suke ɗora wa SSH laifi. Wani ya goge shi ya sake sawa, wani ya canza kalmar sirri sau uku. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya tare ka shi ne ƙaramin akwatin nan mai ƙyalƙyalin fitilu da ke raba wa gidan intanet, wato rauta, kuma aikinta take yi daidai yadda aka ƙera ta. Duk al'amarin ya rataya ne a kan tambaya guda: wa ya fara magana, na ciki ko na waje? Wanda ya kama bakin wannan zaren zai ga cewa dabarun da ake ta lissafawa, masu sunaye iri-iri, amsoshi ne kawai ga tambayar nan.

Shi SSH ɗin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Hanya ce ta shiga wata kwamfuta daga nesa ka ba ta umarni kamar kana zaune a gabanta, kuma duk abin da ke gudana tsakaninku a ɓoye yake, wanda ya tsaya a hanya ba zai iya karantawa ba. Tatu Ylönen ne ya rubuta shi a 1995, yana Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, bayan an gano ana satar kalmomin sirrin mutane a kan layin jami'ar. A lokacin telnet ake amfani da shi, kuma telnet tsirara yake tura kalmar sirri. Ya nemi a ba shi lamba 22 a cikin lambobin ƙofofin intanet, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta telnet, aka ba shi. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wanda shi ne yau ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux da Mac, har Windows ma ta ɗauke shi. Abin da SSH ke nema ƙanƙani ne: adireshin da zai kai shi wurin kwamfutar, da ƙofar da wani ke saurare a bayanta. Idan ya sami waɗannan biyun, sauran aikinsa ne. Rauta kuwa a kan adireshin take tsayawa.

Tsarin adireshin intanet na IPv4, wanda aka kafa a 1981, yana da gurbin adireshi biliyan 4 da miliyan 294 da 'yan kai. A wancan zamanin adadin ya yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 an riga an ga ƙarshensa yana tahowa. Sai aka yi dabara biyu da suke tafiya tare. Ta farko, a 1994 aka ware wasu jerin adireshi aka ce na cikin gida ne, kowa ya yi amfani da su a gidansa ko ofishinsa ba tare da neman izini ba: duk wanda ya fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Sharaɗin shi ne ba sa fita babban titin intanet. Don haka 192.168.1.20 ɗin da ka rubuta ba naka kaɗai ba ne, miliyoyin na'urori a duniya suna ɗauke da shi a daidai wannan lokacin. Da ka rubuta shi daga waje, tamkar ka aika wasiƙa ce ka rubuta "ɗaki na uku" a bayan ambulan, ba sunan gari ba sunan titi.

Dabara ta biyu ita ce NAT, wato musanya adireshi, wadda aka bayyana tsarinta a rubuce a 1994. Kamfanin da ke ba ka intanet yana ba gidanka adireshi ɗaya tak na waje, rauta ce ke riƙe da shi. Duk na'urorin gidan, waya da talabijin da kwamfuta, a bayan wannan adireshin guda suke fakewa.

Yana da kyau a kalli yadda abin ke faruwa daki-daki, domin a nan asirin yake. Ɗauka kwamfutarka mai 192.168.1.20 tana son buɗe wani shafi. Za ta tura saƙo ta wata ƙofa tata, a ce 51000. Saƙon ya iso wurin rauta. Rauta ta goge adireshin cikin gida ta sa nata na waje, a ce 203.0.113.7, ta ba shi wata lambar ƙofa daga wajenta, a ce 62001. Sannan ta rubuta a littafinta: duk amsar da ta dawo ta ƙofa 62001, ta 192.168.1.20 ce, ƙofa 51000. Shafin can bai ma san da wata kwamfuta a ciki ba, rauta kaɗai ya gani. Da amsa ta dawo, rauta ta duba littafi, ta mayar da adireshin yadda yake, ta miƙa. Haka take yi wa dubban saƙonni a cikin daƙiƙa, kamar mai gadin da ke rubuta sunan duk wanda ya yi aike daga cikin gida, don idan ɗan aike ya dawo ya san ɗakin da zai nufa.

To yanzu ga ka nan daga waje, ka gano adireshin gidan na gaskiya, ka rubuta ssh musa@203.0.113.7. Saƙonka ya iso ƙofa 22 ta rauta. Ta duba littafi, ba wanda ya yi aike daga ciki da yake jiran wannan amsar. Na'urori goma ne a gidan, wacce za ta ba? Ba ta da hanyar sani, sai ta jefar da saƙon ba tare da ta ce uffan ba. Shirun da ka ji ke nan.

Ina son mai karatu ya riƙa kula da irin amsar da allo ke ba shi, don kowace tana faɗin inda aka tsaya. Idan ya ce Connection timed out, saƙonka ya ɓace a hanya ko wani ya jefar da shi, kuma galibi rauta ce ko katangar tsaro, wato firewall mai tace saƙonnin da ke shigowa. Idan ya ce Connection refused, ka isa wata na'ura har ta amsa, amma ba mai saurare a ƙofar da ka buga, watakila SSH ba ya gudana ko ka kuskure lambar ƙofa. Idan kuwa ya ce Permission denied, albishir ne: ka tsallake rauta, ka isa wurin SSH, saura maganar suna da makulli. Wanda ya iya bambanta waɗannan ukun ya rage wa kansa rabin wahala.

Hanya mafi tsufa ta warware matsalar ita ce ka rubuta wa mai gadi umarni na dindindin a littafinsa. Ka shiga shafin saitin rauta, wanda galibi yana 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ka nemi sashen tura ƙofa. A wasu rautoci sunansa Port Forwarding, a wasu Virtual Server. Ka ce mata duk wanda ya buga ƙofa 2222 daga waje, a kai shi 192.168.1.20, ƙofa 22. Daga nan umarninka zai zama ssh -p 2222 musa@203.0.113.7, rauta kuma ta san inda za ta kai ka.

A takarda abin bai wuce haka ba. A aikace akwai ƙananan ƙayoyi da ke soke mutum. Rauta ce ke raba adireshin cikin gida, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Yau kwamfutarka tana da 20 a ƙarshe, a ɗauke wuta a dawo ta tashi da 23, umarnin da ka rubuta kuma yana nan yana nuna tsohon ɗaki. Maganinsa ka sa rauta ta keɓe wa kwamfutar adireshi ɗaya har abada, ta hanyar lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita. Sannan ita kwamfutar tana iya samun tata katangar tsaron da ke rufe ƙofa 22. Tana kuma iya yin barci bayan minti talatin ba a taɓa ta ba, kwamfutar da ke barci kuwa ba ta amsa kira. Wani lokaci rauta biyu ce a jere, ta kamfani da wadda ka saya ka jona a bayanta, sai ya zama masu gadi biyu ne kuma ɗaya kawai ka yi wa magana. Akwai kuma wani tarko mai ban takaici: ka gama saiti, ka gwada adireshin waje alhali kana cikin gidan a kan wayfay ɗin, ya ƙi. Ka ɗauka saitin ne bai yi ba, ashe rautarka ce ba ta iya lanƙwaso saƙon da ya fito daga ciki ya dawo ciki ba. Gwaji na gaskiya daga waje ake yin sa. Kashe wayfay a wayarka, kunna data, ka gwada daga can.

A cikin shafin saitin za ka ga wani zaɓi mai suna DMZ, wanda ke tura duk wani baƙo, ta kowace ƙofa, zuwa kwamfuta guda. Yana aiki nan take, shi ya sa yake jan hankalin wanda ya gaji. Kada ka taɓa shi don wannan buƙatar. Ƙofa ɗaya kake nema, ba dalilin cire wa gida bango.

Adireshin wajen ma ba tsayayye ba ne. Kamfanoni da yawa suna canza shi lokaci-lokaci, ko duk sanda rauta ta sake tashi. Wannan mai sauƙi ne: akwai masu hidimar suna irin su DuckDNS da No-IP, waɗanda ke ba ka suna tsayayye, wata 'yar manhaja a gida kuma tana sanar da su duk lokacin da lambar ta canza. Kai sunan kawai za ka riƙe.

Duk wannan bayanin ya ginu ne a kan zato guda, cewa rautarka tana da adireshin waje nata na kanta. Zaton nan kuwa kullum ƙara rushewa yake yi. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar manyan rukunan adireshin IPv4 da ke hannunta, rumbun ya ƙare. Kamfanonin intanet suka ci gaba da samun sababbin kwastomomi ba tare da sababbin adireshi ba, sai suka yi wa kwastomominsu abin da rauta ke yi wa na'urorin gida. Suka kafa wata babbar rauta a wajensu, suka tara gidaje masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Ana kiran wannan CGNAT. A 2012 har aka ware masa jerin adireshinsa, daga 100.64 zuwa 100.127. Kusan duk wanda ke samun intanet ta datar wayar salula a bayan irin wannan yake, da yawa daga masu layin gida ma haka.

Na taɓa kwana a kan wannan. Wata tsohuwar kwamfuta ce na mayar ma'ajiyar fayiloli, ina son in riƙa isa gare ta idan na yi tafiya. Na tura ƙofa, na keɓe adireshi, na buɗe katanga, na gwada daga data, shiru. Na canza lambar ƙofa, shiru. Na mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani na sake komai daga farko. Sai can wajen asuba idona ya faɗa kan wani layi a shafin farko na rautar, inda ta rubuta adireshinta na waje: ya fara da 100.72. Na buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi, lamba ce daban gaba ɗaya. Ashe duk daren ina ba mai gadin gidana umarni ne, alhali akwai wata babbar ƙofar unguwa a gaba, mai gadinta kuma ba ya karɓar umarni daga wurina. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wannan matsalar, abin da nake fara ce masa ke nan: kafin ka taɓa kowane saiti, kwatanta lambobin nan biyu. Idan sun zo ɗaya, tura ƙofa zai yi maka aiki. Idan sun bambanta, kuma ba rauta biyu ce a jere a gidanka ba, kada ka ɓata darenka. Gwajin bai kai minti biyu ba.

Wanda ya sami kansa a bayan CGNAT yana iya tambayar kamfaninsa ko suna ba da adireshin waje na mutum shi kaɗai. Wasu suna bayarwa da ƙarin kuɗi, wasu ba sa yi sam. Amma akwai hanyar da ba ta buƙatar roƙon kowa, kuma ita ce ta fi burge ni a duk wannan fagen, domin ba ta faɗa da rauta, dokarta take bi. Rauta ba ta hana na ciki fita, kuma ba ta hana amsa dawowa. To, sai na cikin ya fara magana.

Ana buƙatar wata kwamfuta ta uku mai adireshin waje na gaskiya. Galibi ƙaramar kwamfutar haya ce a intanet, irin wadda ake kira VPS, mafi ƙanƙanta ma ta isa. A ce adireshinta 198.51.100.5. A kan kwamfutar gida sai ka gudanar da wannan:

ssh -N -R 2222:localhost:22 rami@198.51.100.5

Ma'anarsa: kwamfutar gida ta kira ta haya, ta ce mata ki buɗe ƙofa 2222 a wajenki, duk wanda ya shigo ta nan ki turo shi ta cikin wannan layin da na buɗe, ni zan kai shi ƙofata ta 22. Harafin R shi ke juya akalar, N kuma yana nufin ba wani umarni za a gudanar ba, a riƙe layin kawai. A idon rauta, da ta gida da ta kamfani, wannan fita ce irin ta kullum, sun rubuta ta a littafi, duk abin da ya biyo ta ciki amsa ce halattacciya. An haƙa rami daga ciki zuwa waje, kai kuma ta bakinsa na waje za ka shiga. Daga laftof ɗinka a ko'ina kake:

ssh -J ni@198.51.100.5 -p 2222 musa@localhost

Harafin J, wanda ya shigo OpenSSH a 2016, yana cewa a bi ta kwamfutar haya a matsayin matakala. Yana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba. Idan ka shiga kwamfutar haya tukuna, sannan daga cikinta ka buga kalmar sirrin gida, duk wanda ya mallake ta zai iya ganin abin da ka buga. Da J kuwa ɓoyewar tana tsakanin laftof ɗinka da kwamfutar gida kai tsaye, ta tsakiyar dako kawai take yi na kayan da ba ta iya buɗewa. Sannan a yadda OpenSSH ya zo, ƙofa 2222 ɗin nan ba ta buɗe wa duniya ba, sai wanda ya riga ya shiga kwamfutar haya ne ke iya ganinta. Akwai saitin da ke buɗe ta ga kowa, GatewayPorts. Ni dai shawarata a bar shi a rufe.

Raunin ramin shi ne yana rushewa. Rauta ba ta riƙe layi a littafinta har abada, idan ta ga an daɗe ba motsi sai ta share shi, kuma ba ta sanar da kowa. Kwamfutar gida tana zaton ramin na nan, ta haya ma haka, alhali tsakiya ta cike. Don haka ake sa ServerAliveInterval 30, wato duk daƙiƙa 30 a tura ɗan saƙon "kana nan?", wanda ke hana rauta sharewa kuma yake sa a gane da wuri idan layin ya mutu. Ana ƙara ExitOnForwardFailure yes, don idan ƙofar can ba ta buɗu ba SSH ya fita gaba ɗaya maimakon ya zauna yana riƙe da layin da ba shi da amfani. Sai kuma wani abu da zai sake tayar da shi duk sanda ya faɗi, ko manhajar autossh ko systemd. Tunda ba mutum a gaban kwamfutar da zai buga kalmar sirri da tsakar dare, makullin SSH da ramin ke shiga da shi, wanda bayaninsa ke zuwa a gaba, dole ya zama marar kalmar sirri. Saboda haka a buɗe masa asusu na musamman a kwamfutar haya, wanda ba ya iya gudanar da umarni ko ɗaya, aikinsa riƙe rami kawai. Idan an sace makullin, ɓarawon bai sami abin a zo a gani ba.

A 'yan shekarun nan mutane da yawa sun koma wata hanyar da ta ɗauki wannan tunanin ta faɗaɗa shi. WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta kuma ya shiga cikin zuciyar Linux a 2020, yana haɗa na'urorinka a wani keɓaɓɓen layi kamar suna ɗaki ɗaya. Yana da wata ɗabi'a mai kyau: wanda ba shi da makulli ko ya buga ƙofarsa ba zai ji ko tari ba. Tailscale an gina shi a kan WireGuard, ZeroTier kuma yana da nasa tsarin, amma dabararsu ɗaya ce. Kwamfutar gida da laftof kowacce ta fita ta gaya wa wani mai shiga tsakani inda take, shi kuma ya gaya wa kowacce inda 'yar'uwarta take, sai su tura wa juna saƙo a lokaci guda. Kowace rauta ta ga nata ne ya fara fita, sai ta ɗauki saƙon ɗayan a matsayin amsa. Idan rautocin sun yi taurin kai, sai a bi ta wata tashar dako. Ga wanda ke son abu ya yi aiki yau-yau ba tare da hayar kwamfuta ba, ban san abin da ya fi wannan sauƙi ba. Sai dai a san abin da aka bayar a madadin sauƙin: wani kamfani ne ke riƙe da rajistar na'urorin da aka yarda su shiga layinka. Wani zai ga ba komai, wani ba zai yarda ba, kuma kowanne yana da hujja.

IPv6, sabon tsarin adireshin da aka yi don ya gaji IPv4, shi ne ya kamata ya kashe wannan magana tun tuni. Adireshinsa ya yi yawan da kowace na'ura a gida za ta sami nata na waje, ba buƙatar musanya. Inda kamfani ke ba da shi, sai dai ka buɗe ƙofa 22 a katangar rauta don kwamfutar da kake so, shi ke nan. Cikas ɗin shi ne dole wurin da kake zaune a waje ma ya kasance yana da IPv6, wannan kuwa ba a hannunka yake ba.

Yanzu a ce ka yi nasara, ƙofa ta buɗu. Ka sani ba kai kaɗai ka ji buɗuwarta ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da ZMap, manhajar da ke iya zagaye duk adireshin IPv4 na duniya tana buga ƙofa guda cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi. Irin wannan zagayen ba ya tsayawa dare da rana. Bar ƙofa 22 a buɗe kwana ɗaya, sannan ka duba rajistar shiga ta kwamfutar, a wasu tsarin tana /var/log/auth.log. Za ka ga layi bayan layi daga adireshin ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, ana gwada root, ana gwada admin, test, ubuntu, pi, kowanne da kalmomin sirrin da mutane suka saba sawa. Ba wanda ya san ka a cikinsu, injuna ne ke taɓa kowace ƙofa su ji wacce ba a kulle ba. Ganin farko yana tayar da hankali, kuma gara ya tayar.

Sauya lambar ƙofa daga 22 zuwa wata yana rage hayaniyar, amma ba kulle ba ne, ƙofofi 65,535 ne kacal kuma ana iya bin su duka. Kullen gaskiya shi ne a daina karɓar kalmar sirri kwata-kwata. Da ssh-keygen -t ed25519 za ka ƙera makulli mai ɓari biyu. Ɓari ɗaya na sirri ne, yana zaune a laftof ɗinka ba ya fita, ka kuma sa masa tasa kalmar sirrin saboda ranar da laftof zai ɓata. Ɗayan na fili ne, ssh-copy-id zai kai shi kwamfutar gida. Wajen shiga, laftof yana tabbatar da cewa yana riƙe da ɓarin sirrin ba tare da ya nuna shi ba. Bayan ka ga makullin yana aiki, ka buɗe fayil ɗin sshd_config ka sa PasswordAuthentication no da PermitRootLogin no. Daga nan injunan can su yi ta gwaji har su gaji, abin da suke nema ba a karɓarsa ma. Ka dai tabbatar da saitin ya kama, domin a wasu tsarin akwai ƙananan fayiloli a cikin sshd_config.d da ke rinjayar babban. Umarnin sshd -T yana nuna abin da ke aiki a zahiri.

Akwai kuma tambayar da SSH ke yi a haɗuwar farko, wadda kusan kowa ke amsa wa da yes ido rufe. Yana nuna maka zanen yatsan kwamfutar da ka isa, wato jerin haruffan da ke shaida makullinta, yana tambaya ko ita ce kake nufi. A cikin gida wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Daga waje kuwa, a kan wayfay ɗin da ba ka san mai shi ba, tambayar tana da nauyi, don ita ce kaɗai ke raba kwamfutarka da wadda ta yi shigar burtu. Ka yi haɗuwar farko tun kana gida, ko ka rubuta zanen yatsan ka tafi da shi. In wata rana SSH ya yi maka kururuwa da manyan haruffa cewa zanen ya canza alhali ba ka sake wa kwamfutar tsari ba, ka tsaya ka bincika kafin ka share gargaɗin.

Ko da makulli, da sauran rina a kaba. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata a kwamfutar gwajinsa. Ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar baya a cikin manhajar matse fayil ta xz, da nufin buɗe SSH ga wanda ya dasa ta. An kama abin kafin ya bazu cikin manyan tsarukan da jama'a ke amfani da su. A Yulin shekarar kuma kamfanin Qualys ya bayyana wani rauni a OpenSSH kansa, wanda aka gyara a fitowa ta 9.8. Irin waɗannan ba ruwansu da ƙarfin makullinka, domin suna aukuwa ne tun kafin a tambaye ka makulli. Shi ya sa sabunta manhaja ba abin jinkirtawa ba ne ga kwamfutar da ke fuskantar waje, shi ya sa kuma na fi karkata ga rami ko WireGuard ko da ina da adireshin waje. SSH ɗin gida da duniya ba ta iya gani ya fi wanda ke tsaye a bakin titi kwanciyar hankali, komai kyawun kullensa.

Saura haɗarin da ba daga ɓarawo yake zuwa ba. Mai gyara saitin SSH daga nesa yana zaune ne a kan reshen da yake sara. Kuskuren harafi ɗaya a sshd_config, ko dokar katanga da ta rufe ƙofar da kake ciki, ya isa ya bar ka a waje har sai ka dawo gida da ƙafarka. Don haka idan za ka canza wani abu, bar tagar da ka shiga da ita a buɗe, domin sake tayar da SSH ba ya yanke wanda ya riga ya shiga. Gudanar da sshd -t ya duba maka kuskure, sake tayar da shi, sannan ka buɗe taga ta biyu ka gwada sabon shiga. Sai ta yi aiki za ka rufe ta farko.

Kafin ka yi tafiya kuma, yi gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya. Zare wayar wutar kwamfutar da ta rauta, ka mayar, kada ka taɓa komai. Yawancin kwamfutocin tebur ba sa kunna kansu idan wuta ta dawo sai an sa musu haka a saitin BIOS, wanda ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin ta gama tashi. Wadda aka ɓoye faifanta kuwa za ta tsaya tana jiran kalmar sirri a allon da ba kowa a gabansa, SSH bai ma tashi ba balle rami. Ka koma gefe da wayarka, wayfay a kashe, data a kunne, ka ba su minti biyar, sannan ka kira.